Tsuntsu mai waƙa da tsiro mai cin ƙuda, duk wuta ce ke rayar da su

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wasu halittu biyu na Amurka da suka tsaya min a rai.

Na farko wani ɗan tsuntsu ne mai ƙirji ruwan ɗorawa, Kirtland's warbler, da yake sheƙa a ƙasa ƙarƙashin ƙananan bishiyoyin fain a jihar Mishigan, lokacin sanyi kuma ya tafi tsibiran Bahamas. Bishiyar nan sai gobarar daji ta bi ta kanta sannan 'ya'yanta su buɗe iri ya zubo, to da mutane suka dage da kashe duk wata gobara sai sabbin bishiyoyi suka yi ƙaranci, ga kuma wani tsuntsu da ke zuwa ya saka ƙwansa a sheƙar ɗan tsuntsun nan ya bar masa reno. A 1974 mazan da aka ƙirga suna waƙa 167 ne kacal. Amma aka tashi tsaye, aka yi ta dashe ana kama wancan tsuntsun, har a 2019 aka cire ɗan tsuntsun mai waƙa daga jerin masu shirin ƙarewa.

Na biyun shi ne ya fi damuna wallahi. Venus flytrap, tsiron da ganyensa yake kamar baki a buɗe da haƙora, ƙwaro ya taɓa gashin ciki sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20 sai kawai ya rufe ruf, ya yi kwanaki yana narkar da shi saboda ƙasar da yake fitowa ba ta da taki. Duk duniya ba inda yake fitowa da kansa sai wani yanki kewayen garin Wilmington, a Karolina ta Arewa da ta Kudu. Shi ma in ba wuta ta share ciyayi ba inuwa ce ke kashe shi. Ga masu gine-gine, ga ɓarayi masu tonowa su sayar, har sai da Karolina ta Arewa ta mayar da satarsa babban laifi a 2014.

Shi tsuntsu yana da murya, yana waƙa mutane suna jin tausayinsa, shi kuwa tsiron nan tunda ana ganinsa a tukwane a shaguna kowa ya ɗauka yana nan da yawa, alhali na dajin ne ke ta raguwa. Ni dai ina roƙon jaridarku ta ba shi shafi guda, da hotonsa a inda yake tsirowa.

Naku,
Mai karanta ku kullum