Zuwa ga Maman Ummi, kafin ki hau jirgin gida

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Hajiya? Allah ya sa kaffara ne, ya sa a yi aikin a sa'a. Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe, na kuma ji inda muryar ta karye, wurin da kika ce fasfon Ummi ba zai fito kafin ranar tiyatar ba, dole ki bar ta hannun Abbanta da ƙanwarsa har kwana goma. Na ga gara in zauna in rubuto miki a tsanake, ki samu abin dubawa a hanya, don maganar waya ba ta zama a kai idan hankali a tashe yake.

Abin da nake so ya fara zauna miki shi ne dalilin tatsar nonon da za ki riƙa yi a tafiyar. Nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake kwashe shi. Idan ya daɗe a cike, jiki sai ya ɗauka mai shan ta rage, shi ma ya rage. To babban aikinki a tafiyar nan shi ne ki fitar da shi a kan lokaci, kamar yadda Ummi ke sha, duk awa uku, in ya yi nisa huɗu, domin ki dawo ki tarar da ita da abincinta, ke kuma da lafiyarki. Wanda kika samu damar kawowa gida riba ce. Wanda ya gagara adanawa ki zubar, kada ki ɗora wa ranki. Na san zubar da shi akwai ciwo, ni ma na tsaya gaban wurin wanke hannu ina kallonsa yana tafiya, idona cike da hawaye. Amma da ki fasa tatsa don ba wurin ajiya, gara ki tatsa ki zubar.

Kafin ki tashi, ki yi lissafin abin da za ki bari. Jariri mai watanni kamar nata, wanda nono zalla yake sha, yana shan kusan mililita 750 a yini, wani ya fi, wani bai kai ba. Kwana goma kenan ana maganar lita 7 da rabi. Ki fara tarawa tun yau, ki ƙara tatsa ɗaya da safe bayan ta sha, lokacin ya fi yawa. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a ledar ajiyar nono, mililita 60 zuwa 120, ki rubuta kwanan wata, ki kwantar da su a shimfiɗe a firiza don su daskare falle-falle. Idan ajiyar ba ta kai ba, a cika mata da madarar jarirai, ba ki yi laifin komai ba, kuma kada ki bari kowa ya sa ki ji kin gaza. Sannan a fara koya mata fida tun kina nan, amma Abbanta ko gwaggonta su riƙa ba ta, ke ki bar ɗakin. Muddin tana jin ƙamshinki ba za ta yarda da roba ba.

Yanzu hanya. Daga Washington zuwa Landan wajen awa bakwai ne, sai zaman jira a filin jirginsu na Heathrow, sai wata awa shida da ɗoriya zuwa Abuja, kafin ki nemi na Kano. Daga ƙofar gidanki zuwa ƙofar Hajiya yini da kwana ne cur, wato tatsa bakwai ko takwas. Kada ki bi agogon gari, tsakaninku da gida akwai awa biyar ko shida, zai rikita ki. Ki sa wayarki ta riƙa ƙirga awa uku daga tatsar ƙarshe, ko ina kike.

A Amurka kina da gata, ki yi amfani da shi. Hukumar TSA, mai binciken fasinjoji a filayen jirgi, ba ta sa nonon uwa cikin dokar nan ta hana wucewa da abu mai ruwa fiye da mililita 100 ba. Kina iya wucewa da shi a jakar hannu ko ba ki tare da jariri, har da ƙanƙarar roba da ke sanyaya shi, ko da ta fara narkewa. Abin da ake so kawai ki faɗa wa jami'in tun kafin a fara bincike, ki fito da shi daban. Idan ba ki son a sa shi a na'urar haska kaya kina da damar cewa a'a, sai dai za su ƙara bincikenki, don haka ki je da wuri. Tun 2016 aka yi dokar da ta tilasta a horar da jami'an a kan wannan, a 2018 kuma aka yi wadda ta wajabta wa manyan filayen jiragensu samar da ɗakin shayarwa mai ƙofa da wurin zama da soket, wanda ba banɗaki ba. Ki nemi ɗakin, ki tatsa sosai dab da a kira ku shiga jirgi. Ki kuma buga shafin dokar a takarda ki riƙe, takarda tana rage dogon bayani.

A cikin jirgi ki nemi kujerar gefen taga. Nan ne hijabinmu ke yi mana rana. Ki sa rigar da ke buɗewa ta gaba da rigar nono mai riƙe kofunan famfon tatsa, ki yafa babban hijabi, ki jira a gama rabon abinci a rage fitilu. Ƙarar injin jirgi tana danne ƙarar famfon gaba ɗaya. Ni na yi, wani dattijo na kujerar gefena yana ta kallon fim ɗinsa, bai san abin da ake ciki ba har na rufe kwalabe na sa a kula. Na san ki da kunya, shi ya sa nake nanata wannan: kada kunya ta sa ki daure awa bakwai, ƙirji zai yi tauri ya ɗau zafi, kuma daga nan matsala ke farawa. Idan nonon ya ƙi saukowa, abin da gajiya da damuwa kan jawo, ki buɗe bidiyon Ummi a waya, ki shinshina wata rigarta da ba a wanke ba. Ki tafi da guda a leda. Ki yi ta shan ruwa, iskar jirgi busasshiya ce.

Kada ki wanke kayan famfon da ruwan banɗakin jirgi. Ki tafi da saiti biyu ko uku, kowanne a tsabtatacciyar ledarsa, da wata leda daban ta waɗanda aka yi amfani da su, sai kin sauka ki wanke da sabulu. Hannu kuma ki goge da sanitaiza kafin ki taɓa komai. Ma'aikatan jirgi galibi ba sa karɓar ajiya a firjinsu, amma ƙanƙara za su ba ki idan kin roƙa, sai ki riƙe ledoji masu zif na zuba ta. Kula mai kyau da ƙanƙara a ciki tana riƙe sabon nono har awa 24, in dai ba a yawan buɗe ta.

Famfon da batirinsa da fawa-bank duk a jakar hannu za su zauna. Dama doka ba ta yarda a sa fawa-bank a akwatin da ake aunawa ba. Ki duba jikin cajar: wutar Amurka 120 ce, ta gida 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, kina jona ta a Kano za ta ƙone. Soket ɗin gida irin namu na nan Ingila ne, mai baki uku, ki sayi adafta. Ki haɗa da ƙaramin famfon hannu, ki kuma koyi tatsa da yatsu kafin ki tafi: babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, ɗan nesa da kan nonon, ki danna ciki wajen ƙirji sannan ki matse a hankali, ki saki, ki riƙa zagayawa. Ranar da ba wuta, ba caji, shi zai fitar da ke.

Kano ce ta fi damuna, ba jirgin ba. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta bayar ita ce sabon nono yana iya zama awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza, har zuwa shekara in ta kama. Amma awa huɗun nan an yi ta ne da ɗakin da bai wuce digiri 25 ba, ke kuma kin san ɗakin Hajiya da rana a wannan lokaci. Don haka kina gama tatsa ki sanyaya shi, kada ki ajiye a kan madubi ki ce sai an jima. Maganar firiza kuwa, tun yanzu ki sa Yaya ya nemo miki gidan da ke da sola ko janareton da ba ya hutawa. Ki sa ledojin cikin roba mai murfi, a can ƙasa, nesa da nama da zoɓo. Ga dabarar gane ko an ɗauke wuta ya narke ba ki sani ba: ki zuba ruwa rabin gora, ki kwantar da ita ta daskare, sannan ki tsayar da ita kusa da nonon. Duk ranar da kika tarar ƙanƙarar ta koma gindin gorar, to an narke an sake daskarewa. Nonon da ya narke gaba ɗaya ba a mayar da shi firiza. Wanda har yanzu akwai ɓarɓashin ƙanƙara a cikinsa, shi ana iya mayarwa.

Akwai kuma abin da likitocinku na can ba za su tuna miki ba. Gidanku gidan yawa ne, akwai masu goyo. Wata da kyakkyawar niyya za ta iya cewa kada a yi asara, a ba ɗan wance. Ki tuna karatunmu na Risala a Islamiyya: duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko yana haramta aure, ko da tsotsa ɗaya ce. A mazhabarmu ta Malikiyya ko a kofi aka ba shi hukuncin ɗaya ne. Ki rubuta sunanki a kowace leda, ki kuma faɗa wa matan gidan a fili cewa ba a ba kowa sai da saninki da sanin Abban Ummi. In kuwa kun yanke shawarar ba wani jaririn da ke buƙata, alheri ne babba, sai dai a yi shi da shaidu, dangi su sani.

Tsofaffi kuma za su ce miki nonon da ya kwana biyu yaro bai sha ba ya lalace, sai an wanke shi da magani kafin a mayar da ita. Ki amsa musu da ladabi, ki sha kunun gyaɗarsu da na kanwa in kina so, amma nono ba ya lalacewa a cikin ƙirji, kuma kada ki sha jiƙon da ba ki san abin da ke ciki ba. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ki gaya wa likitanki kina shayarwa kafin ya rubuta. Ki nemo tsohon katinki na rigakafin shawara, tun 2016 aka mayar da shi na har abada. Ba a so a yi wa mai shayar da jariri ƙasa da wata tara wannan allurar sai dole, don haka kada ki bari a sake miki ita haka kawai.

Ki kula da jikinki a zaman jinya. Asibiti yana cinye lokaci, za ki duba ki ga awa shida ta wuce. Idan kin ji wani gefe ya yi ƙullutu, yana zafi, ga sanyi-sanyi da ciwon jiki, kowa zai ce maleriya ce. Tana iya zama ita, a yi gwaji, amma ki gaya wa likita maganar nonon, don kumburin nono ma haka yake zuwa, kuma a fatarmu ba lallai a ga jan ba. Ki ci gaba da tatsa yadda kika saba, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki murje wurin da ƙarfi. In ya kai yini guda bai sassauta ba, ko zazzaɓi ya hau, kada ki jira.

Sai dawowa, kuma nan ne mata da yawa ke yin asarar wahalarsu. Masu canjin jirgi a Heathrow ana sake bincikensu, dokar Ingila kuma ta sha bamban da ta Amurka. Nono mai ruwa ana wucewa da shi ko ba jariri, in dai kowane mazubi bai wuce mililita 2,000 ba, za su iya buɗewa su duba. Amma daskararre ba ya shiga jakar hannu, sai akwatin da ake aunawa. To duk abin da kika daskarar a Kano ki jera shi a kula mai kauri, ki matse su jikin juna, ki cike gurbin da ya rage da ƙanƙarar roba da tawul, ki naɗe bakin da salatif, ki sa a tsakiyar akwati cikin kaya. Kular da ta cika maƙil ta fi daɗewa da sanyi. Ki fito da su daga firiza a minti na ƙarshe, kuma ki zaɓi jirgin Kano da ba zai sa ki yini a Abuja ba. Wanda kika tatsa a hanya shi ne zai bi ki a hannu. Da kin sauka ki shaida wa jami'an kwastan abin da kike ɗauke da shi. A gida ki buɗe ki duba leda-leda: mai sauran ƙanƙara ya koma firiza, wanda ya narke amma da sanyinsa a sa a firji a shanye cikin awa 24, wanda ya ɗumama a zubar.

Ki gaya wa gwaggon Ummi kada ta ɗumama a maikirowef, yana yin zafi wuri-wuri ya ƙona bakin yarinya. Ta sa ledar a kwanon ruwan ɗumi. Idan ta ga maiƙo ya taso sama ta juya kwalbar a hankali ya haɗe, in ta ji ɗan ƙamshi kamar na sabulu bayan ya narke ba lalacewa ya yi ba. Ragowar da Ummi ta bari a fida kuma, bayan awa biyu a zubar.

Ranar da kika dawo tana iya kau da kai, ta yi miki kuka, ta nemi fidarta. Kada ki tsorata. Ki cire mata riga ki kwantar da ita a ƙirjinki fata da fata, ki ba ta lokacin da take magagin barci, ki rage baƙi na kwana biyu. In kin ga nonon ya ɗan ragu, yawan sa ta a kai zai dawo da shi.

Ki turo min ranar tashinki da lokacin da za ki sauka Landan. Ba za su bar ni in shigo inda kike jira ba, amma wayata tana kunne, ko ƙarfe nawa ne ki kira. Ki gaishe min da Abban Ummi da gwaggonta, ki ce na gode musu. In kin isa ki duba min Hajiya da kyau, ki ce Abba da babansa suna yi mata sannu. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.

Taki har kullum,
Maman Abba
Birmingham, Ingila