Godiya ga garejin da suka mayar mana da tirelar kaya ɗakin kwana

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa ta godiya ce zuwa ga ogan garejin da ya yi mana aikin tirelarmu, shi da yaransa, mai walda da kafinta da yaron nan mai wayarin da baya son magana. Na yi muku godiya baki da baki ranar da na zo ɗauka amma a gaggauce nake, hankalina duk yana kan yanda zan fita da ita daga ƙofa ba tare da na goge katanga ba, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta a inda mutane za su gani.

Ga wanda bai san zancen ba, ba babbar tirela nake nufi ba irin ta dakon kaya a titi. Ƴar ƙarama ce rufaffiya kaman akwati, wadda ake ɗaurawa a bayan mota a ja, faɗinta ƙafa 6 tsawonta ƙafa 12, taya biyu, jikinta alminiyon, ciki an liƙa katakon filawud. Hannu na saye ta, mai ita kayan aiki yake zubawa a ciki, ba taga ba komai, in ka shiga da rana kaman ka shiga tanda. Burina shine ta zama ɗakin da ni da uwargida da yaranmu uku za mu dinga kwana in mun fita yada zango lokacin hutu, don tanti ya ishe mu, kafawa da kwancewa da jiƙewa in ruwa ya sauko.

Na zo muku da zane na a takarda ina ji da kaina, Oga ka karɓa ka duba ka yi shiru, sannan ka ce in shiga cikin tirelar in gwada maka inda nake so gado ya zauna. Ina shiga kawai na ji ƙarar ƙarfe, ka rufe ƙofar ka ja sakatar nan ta waje. Duhu ƙirin. Na laluba ƙofar sama da ƙasa babu mariƙi babu komai, na tura da kafaɗa ko gezau, ina jin ku a waje kuna hirarku, bai fi minti ɗaya ba amma wallahi sai da gumi ya karyo min. Da ka buɗe ka ce to Malam, yanzu ka ɗauka yaranka ne a ciki, iska ta turo ƙofa ko wani ya ja sakata da wasa, ko kuma wuta ta kama. A lokacin na ɗan ji haushi, gaskiya, amma ban ƙara musu da kai a kan komai ba. Ashe ƙofar tirelar kaya an yi ta ne don a kulle kaya daga waje, wanda ya ƙera ta bai yi tunanin mutum zai kwana a ciki ba, kuma wannan ko kusa baya cikin zane na. Kuka cire sakatar gaba ɗaya kuka sa makulli mai buɗewa ta ciki, kuka kuma fasa babbar taga a ɗaya ɓarin wadda ake turawa ta buɗe duka, har babba zai iya ficewa ta nan.

Sai maganar nauyi, wadda a nan ne muka fi daɗewa. Ni na sa tankin ruwa mai lita 100 a can ƙarshen baya, da batir da akwatin kaya duk a wurin, don in samu fili a gaba. Ka kai ni gaban ƴar farantin ƙarfen da ke manne a wuyan tirelar, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a mota, ka ce in karanta, an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka har da nata nauyin, kusan kilo 1,350 ne, ita kuma fanko ta kusa 600. Ka ce duk katakon da muka ɗaura da duk kusar da muka buga daga cikin ragowar ake cirewa, lita ɗaya na ruwa kuma kilo ɗaya ne, tankina kaɗai ya cinye 100. Abin da ya fi muhimmanci ma ba yawan nauyin bane, inda ya zauna ne. Wuyan tirela ya kamata ya danna ƙwallon ja na mota, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala shi a kai, da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duka nauyin, in aka tara kaya a bayan taya sai wuyan ya yi sakayau, da an ɗan taka gudu ko babbar mota ta wuce da iskarta sai tirelar ta fara kaɗa gindi hagu da dama, tana jan bayan motar, kuma in ta fara da wuya ta daina da kanta. Ban taɓa jin wannan ba, ni a tunanina in dai mota na iya ja shikenan. Kuka rage tankin zuwa lita 60 kuka kwantar da shi a ƙarƙashin benci ɗan gaba da tayoyin kaɗan, batir ya koma gaba, kuka kuma hana ni katakon nan mai kauri da na so a yi kabad da shi. Da aka gama ka sa muka loda komai kaman za mu tafi, har ruwa, muka hau sikeli, ta ba da 1,200 da ɗan ɗoriya, wuyan kuma 140. Takardar sikelin tana cikin motata har yau.

Aikin bango ban iya yabonsa da kyau ba don yanzu duk a rufe yake, sai dai na gani da idona kafin a rufe. Kuka ɓamɓare filawud ɗin duka, kuka samu wani wuri a ƙasa da tsatsa ta fara ci kuka goge kuka shafe, kuka yanka soso mai tauri na inci ɗaya kuka cusa tsakanin ƙarafunan bango da rufi, ba ko ɗan rami da kuka bari. A rufi kuka yanka murabba'i inci 14 kuka sa fanka mai zuƙe iska waje. Na so kada a sa fankar don ina tsoron huda rufi, kafinta ya ce mutum biyar in suka kwana a rufaffen akwatin ƙarfe numfashinsu kaɗai ya isa ya sa bango ya yi gumi da asuba, ya jiƙa katifa, ya ruɓar da katako a hankali. Haka ne kuwa, dare ɗaya muka manta ba mu kunna ba, da safe gilashin taga na ta zubar ruwa.

Gas ma kun ƙi min. Na so risho a ciki kusa da ƙofa, ka ce a'a, girki a waje, aka yi ɗan kicin da ake jawowa kaman durowa ta ƙofar baya, tukunyar gas kuma tana waje a akwatinta mai huji a ƙasa saboda gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake bi ya taru. Kuka manna ƴar na'ura mai ƙara in ta ji iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta tafi da shi. Uwargida ta ce in gaya muku wannan ne ya sa ta yarda ta kwana a ciki da yara, ba gadon ba.

Yaron wayarin kuma, Allah ya yi masa albarka. Batir ɗin litiyom mai amfiya 100, sola mai wat 200 a kan rufi, fitilu da fanka da famfo duk a kan bolt 12, ya sa babban fiyus dab da kan batir, kowane layi kuma da nasa ƙaramin, ya rubuta sunan kowanne da maka a jikin murfi: fanka, fitila, famfo, caji. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe ya sa mata zoben roba don kada jijjigar hanya ta sa ƙarfen ya yanke ta. Ni da ban san komai a harkar wuta ba, da fitilar gadon yara ta ɗauke na buɗe murfin na canza fiyus da kaina, har ina wani ƙafafa a gaban yara.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Kun ce sati shida, ya zama tara, kuma akwai satin da na yi ta kira ba a ɗauka, wannan dai ku gyara don Allah, ko saƙo ne a turo mutum ya san inda aka kwana. Sannan ruwan farko da ya same mu ƙaramar tagar gefen hagu ta yi yoyo, ya jiƙa filon autarmu. Amma da na dawo da ita ba wanda ya tsaya kame kame ko ya ce laifina ne, Oga da kanka ka ce namu ne, aka cire tagar gaba ɗaya maimakon a lafta gam a sama a sallame ni, aka sake sa tef ɗin roban a ƙarƙashin firam, aka ɗaure, yaro ya tsaya da tiyo yana feshi ni kuma ina ciki da tocila ina dubawa, ba ko ɗigo. Kuma ba ku karɓi komai ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ban sa ku ba kuka yi. Tayoyin da nake gani sababbi ne don zanensu bai cinye ba, ka nuna min lambobi huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera, ashe sun haura shekara takwas, roba kuma tana tsufa ko ba a hawa. Kuka buɗe boris kuka wanke kuka sa sabon giris. Ka koya min in gicciya sarƙoƙin nan biyu da ke haɗa ta da mota a ƙarƙashin wuyan don in ya kuɓuce su tallafe shi kada ya soki kwalta, ka kuma tara yaran ka gaya musu da bakinka cewa ba a zama a cikin tirela tana tafiya, ko sun yi kuka, kuma sun fi jin naka a kan nawa. Gadon sama na babbar ƴarmu, kafinta ya sa ta kwanta a kan falanki ya gwada ta da tef sannan ya ƙara taƙi guda ya ce ai girma take yi, har yau tana ba ƙawayenta labarin an auna ta.

Mun fita sau huɗu yanzu, mafi nisa mun yi kwana biyar, tana bin motar tiryan tiryan ko a gangara. Na gode Oga, na gode wa yaranka ɗaya bayan ɗaya, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi ya tsare hannuwanku. Zan shigo da ita ƙarshen wata a duba boris kaman yanda ka ce, kuma ina da sabon zane na rumfar da nake so a ɗaura a gefe, na san dai sai ka soke rabinsa.

Naku,
mai farar tirelar nan da kuka kulle a ciki