Wai hali zanen dutse ne?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ban ɗan fili in yi magana kan masu cewa ibada ba ta canza mutum, wai hali zanen dutse. Ni dai ban yarda ba, tunda Allah da kansa ya ce a Suratul Ankabut aya ta 45 salla tana hana alfasha da abin ƙi. Amma fa gaskiya akwai abin dubawa, duk goman ƙarshe na azumi masallatai cike suke maƙil a Kano, ana tahajjud ana kuka, wasu ma itikafi suke shiga, sai bayan Sallah da sati ɗaya ka je awo ka tarar mai hatsin nan da ya fi kowa kuka ya dawo da mudunsa mai bugaggen gindi, ko kunya babu.

A unguwarmu kuma akwai wani tsohon ɗan daba, shi ba hawaye ya yi ba, majalisa ya canza, ya daina zama da 'yan shaye-shaye, ya koma makarantar dare yana koyon Ahalari, yanzu facin taya yake yi. Shi ya sa nake roƙon malamai masu tafsiri su riƙa bibiyar mutane a Shawwal, kar a rufe karatu a watse sai baɗi.

Naka,
Mai karatu daga Kano