Anti ya zan kare Babana daga 'yan damfarar waya ba tare da na ci masa fuska ba?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya gida ya ƙoƙari. Allah ya ƙara basira ya saka miki da alheri.

Matsalata a kan mahaifina ce da waya. Baba tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya, fanshonsa ta banki yake shigowa. Da can ba ruwansa da wani tiransifa, in alat ya shigo sai ya sa hularsa ya tafi banki ya ciro abinsa, to lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 da aka canza fasalin naira kowa ya rasa tsaba a hannu, shi ne dole ta sa Yayanmu ya saya masa babbar waya, aka sa masa manhajar banki da WhatsApp aka buɗe masa imel. Ya kuwa koya, har alfahari yake wai shi ke biyan mai nama da kansa ta waya.

To kwanakin baya aka yi wa Gwaggona, ƙanwar Baban, kutse a WhatsApp. Wata ce ta kira ta da Hausa tsaf, sallama da gaisuwa da komai, har ta ambaci sunan guruf ɗin matan Islamiyyarsu, ta ce wai za a yi taro ta intanet da daddare an turo wa kowa lambar shiga, Hajiya duba saƙonki ki karanto min in sa ki a jeri. Gwaggo ta duba ta ga lambobi shida ta karanto mata. Ashe lambar da WhatsApp ke turowa ce idan za a buɗe layin mutum a wata wayar. A jikin saƙon ma an rubuta kar a ba kowa, amma da Turanci, ita kuwa Gwaggo ba Turancin take ji ba.

Ba a jima ba saƙo ya shigo wa Baba daga lambar Gwaggo, ga hotonta ga komai, wai Yaya ina asibiti da yarinya manhajata ta ƙi yi, dan Allah turo min dubu 80 gobe da safe zan mayar. Kuma Anti kin san abin da ya fi min ciwo? Baba ya lura fa. Da ya sa lambar asusun ya ga sunan wani namiji ya fito, ya tambaya, suka ce ai na mai POS ɗin ƙofar asibiti ne. Sai ya tura. Da na ce Baba ai da an kira ta tukunna, cewa ya yi ƙanwarsa ba ta taɓa roƙonsa ko sisi ba, ranar da ta buɗe baki tana cikin tashin hankali kuma sai ya kira yana mata tambayoyi kamar bai yarda da ita ba? Wallahi rasa amsa na yi, don ta inda aka san shi da kirki ta nan suka shigo masa. Matar Kawunmu ma ta tura dubu 30.

WhatsApp ɗin dai mun dawo da shi, mun sake rajistar layin a wayarta, sai dai ɓarayin sun riga sun sa nasu PIN ɗin, dole aka jira kwana bakwai kamar yadda tsarin yake. Banki kuma mun je an cike takarda, suka ce za su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga, har yau shiru.

Tun daga nan kamar an raba lambar Baba a kasuwa. Wani ya kira wai daga banki, za a rufe asusunsa saboda BVN ɗinsa bai yi daidai da NIN ba, ya faɗo masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ya ce ya karanto lambar da za ta shigo yanzu a gyara. Allah ya sa ina gidan, da hannu na dinga yi masa alama har ya kashe. Na duba imel ɗinsa kuma, abin ba a cewa komai, daga masu cewa ya ci gasar da bai shiga ba sai masu neman wanda za su zuba wa gadon wani attajiri, waɗannan ko shi dariya suke ba shi. Wanda ya tsorata ni shi ne na tantance 'yan fansho. Ga tambarin gwamnati, ga Turanci mai kyau, ga wa'adin awa 24 ko a tsayar da fansho, in ka danna linkin sai ya kai ka shafin da ke neman lambobi 16 na katin ATM da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya har da PIN. Ni dai adireshin wanda ya turo na duba na ga da gmail.com ya ƙare, alhali na hukumomin gwamnati da gov.ng suke ƙarewa. Amma dattijon da ya san wahalar layin tantancewa, aka ce ga hanya daga ɗakinsa, ina zai tsaya duba wutsiyar adireshi? Ga kuma guruf ɗinsu na tsofaffin malamai, kullum sai wani ya turo linkin tallafi wai a tura wa guruf goma kafin kuɗi ya fito, kuma abokansa ne na shekara da shekaru ke turowa da zuciya ɗaya.

Na yi iya nawa. Na sa masa matakin tsaro na biyu a WhatsApp, na tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla, duk da wannan ba ya hana ɗan damfara kira. Na rubuta a 'yar takarda cewa banki ba ya tambayar PIN ko OTP, wato lambar sirrin da ake turowa ta saƙo, ko lambar bayan kati, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce a kira shi a ji muryarsa, na saka a cikin murfin wayar. Washegari na ga ya cire. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi shekara 35 yana koyar da 'ya'yan mutane. Tun ranar ya daina nuna min saƙonnin da ke shigo masa, wannan shi ne babban tsorona, don da ko ba komai yana tambaya.

Shi Yaya cewa yake a karɓe babbar wayar kawai a ba shi 'yar Nokia mai tocila, katin ATM ya dawo hannunsa shi Yayan. Ni ban yarda ba. Ita ma ƙaramar wayar ai ana kiranta kuma OTP na shigowa cikinta, Gwaggo ma da kira aka cuce ta. Sannan ba maganar tsufa ko rashin ilimi ba ce, masu digiri nawa damfarar zuba jari ta MMM ta kwashe wa kuɗi a 2016, ga irinta CBEX a 2025, da yawansu ai matasa ne masu ji da wayewa. Kuma mutum da kuɗin guminsa a ce sai ya roƙi ɗansa kafin ya sayi goro, wallahi na san Baba, ciwon wannan sai ya fi na dubu 80 ɗin.

Ga kuma rigimar cikin gida. Gwaggo kunya ta hana ta zuwa gidanmu, har ta ce za ta sayar da tunkiyarta ta biya, Baba ya rantse ba zai karɓa ba, ita kuma matar Kawu ta kafe sai an biya ta tunda a cewarta Gwaggo ce ta ba ɓarayi ƙofa. Yanzu ko gaisawa ba sa yi sosai.

To Anti ki ba ni shawara. Ta wace hanya zan bi da Baba ya dawo yana nuna min saƙo kafin ya taɓa, ba tare da ya ji na mayar da shi yaro ba? Na yi tunanin a buɗe masa asusu na biyu wanda ba ya kan waya, fansho ya zauna can, na wayar a dinga sa kuɗin cefane kawai a kuma rage adadin da zai iya fita a rana, amma wa zai kai masa maganar, ni ko wani aboki nasa? Batun banki kuma mu ci gaba da jira ne ko mu kai ƙorafi CBN ko EFCC, kuma ana ma sauraron mai ƙaramin kuɗi irin namu? Sannan in da hali ki tambayar mana malamai, a shari'a akwai biya a kan Gwaggo ko babu?

Dan Allah ki sakaya sunana, kuma in za ki karanta ki cire maganar tunkiya da shekara 35 ɗin, don Baba ba ya wuce shirinki, yana ji zai gane.

Taki mai sauraro,
daga Kano