Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya sayi mota a Legas

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya ruwan Legas? Mu nan gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Hotunan motar sun iso, mahaifiyarka kuwa duk wanda ya shigo gidan nan sai ta sa an nuna masa. Allah ya sanya alheri, ya tsare ka da sharrin ƙarfe, ya sa a kashe lafiya.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar da zan yi akwai lambobi a ciki. A waya "to Baba, to Baba" za ka yi ta ce mini, kana ajiyewa ka manta.

Duk hotunan da ka turo na fenti ne da kujeru da allon rediyo. Ban ga taya ko ɗaya daga kusa ba, ban ga ƙasan motar ba. Ban yi mamaki ba, don mai sayarwa abin da idon mai saye zai fara sauka a kai shi yake gogewa. Ni kuwa da na ƙare ƙuruciyata a kan sitiyari, idan aka kawo mini mota durƙusawa nake fara yi. Abin da ke kashe direba da abin da ke cinye kuɗinsa duk a ƙasa suke, daga gwiwa zuwa kwalta.

Gobe da safe, kafin ka tayar da ita, ka tsuguna gefen kowace taya ka nemi inda aka rubuta DOT. Bayansa akwai haruffa da lambobi, na ƙarshe guda huɗu su nake so. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci cikakkiyar lambar tana gefen ciki, sai ka leƙa da fitilar waya. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa ta yi ƙananan tsage-tsage a gefe da tsakanin zanen. Kamfanonin mota da dama suna cewa a canja bayan shekara 6, masu yin tayar kuma ba sa yarda a wuce shekara 10 ko da zanenta na nan kamar sabo. Jami'an kiyaye haɗurra na nan ƙasar da shekara 4 suke lissafi, kuma idan sun tsayar da kai wannan lambar suke dubawa. Da zafin ƙasarmu, ban ga laifinsu ba.

Ka ce daga Kanada aka kawo Corollar. To ka duba ko akwai hoton ɗan dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa a jikin tayar. Idan akwai, tayar sanyi ce. An yi robarta da laushi don ta kama titi a lokacin dusar ƙanƙara, a kwaltarmu mai zafi kuwa nan da nan take cinyewa, birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata. Irin su ne suka cika kasuwar tayar gwanjo, zane raɗau, ga araha. Tayar gwanjo tana cikin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, amma ka san ƙasar tamu, ko'ina ka juya ga ta jibge. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san shekara nawa ta yi a rana ba. Araha ba ta ado. In kuɗin huɗu sababbi bai samu ba, sayi biyu, ka sa su a baya. Na san za ka ce ai injin gaba yake ja, kuma kowane bakanike haka zai ce maka. Amma idan gaba ya zame a ruwan sama kana jin sa a sitiyari, kana iya gyarawa, idan baya ya zame kuwa motar juyawa take yi da kai kafin ka ankara.

Sai maganar iska, wadda a nan mutane suka fi sakaci. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, an rubuta girman taya da iskar da ta dace, gaba da baya. Ƙananan motoci irin taka yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da za a sa mata ba. Mai faci na bakin titi, Allah ya saka masa, ba don shi ba da mun sha kwana a daji, amma da yawansu 40 ko 45 suke buga wa kowace mota. Wani ma ba zai ɗauko geji ba. Ƙarfe zai ɗauka ya ƙwanƙwasa tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ce maka ta yi. Sayi gejinka, bai kai kuɗin cin abincin rana biyu ba, ka ajiye a aljihun mota. Ka riƙa aunawa da safe tayar na da sanyi, ko sau biyu a wata, domin taya lafiyayya ma tana rage iska a hankali. Idan ka yi tafiya mai nisa ka auna ka ga ta ƙaru da uku ko huɗu, zafi ne, kada ka sace mata iska. In ka rage, da ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Kuma ƙarancin iska ya fi yawanta haɗari. Tayar da ba ta cika ba gefenta lanƙwashewa yake yi a kowane juyi, lanƙwasar nan tana haifar da zafi, zafin ya raba roba da wayoyin da ke ciki. A cikin gari ba za ka ga komai ba. Sai ran da ka cika but da kaya, ka ɗebi iyali, ka miƙa hanya da tsakar rana, sannan ta yi bindiga. In Allah ya ƙaddara hakan, kada ƙafarka ta je kan birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka sassauta totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu da kanta, sai ta yi sanyi ka gangara gefe.

Tayar da kanta tana gaya maka abin da ke damun motar, in ka shafa ta da tafin hannu. Ta cinye a tsakiya, iska ta yi yawa. Ta cinye gefe da gefe tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kawai ya cinye, ƙafar motar ta karkace, sai a kai ta alaimen, a kuma duba ko wani abu ya saki a ƙafar. Cikin ramin zanen akwai 'yan tudu ƙanana da aka yi a tsallake, ran da zanen ya yi daidai da su saura milimita 1.6, tayar ta gama aiki. A garin da ake ruwa kamar naku ni ba zan jira ta kai nan ba. Kumburi a gefen taya kuwa ba shi da magani, wayoyin ciki ne suka tsinke. Ƙusa a tsakiyar zane a yi faci, huji a gefe a jefar. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri, na gaba su koma baya.

Kan wili ba ni da dogon zance. Na ga samari suna cire na kamfani su sa manyan rim da taya siririya don ado. Titin da aka yi wa wannan ado ba shi ne namu ba, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ya fasa tayar. Bar na kamfani. In sitiyari ya fara rawa a hannunka wajen gudun 100, yawanci balansin ne, wato daidaita nauyin wili. Idan ana ɗaure maka noti ka tsaya a wurin. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke ɗaya gefen, ba a jere ba, kuma kada ka bar yaron gareji ya zura bututu a sifana ya hau yana tsalle. Ƙarfin da Toyota ta ƙayyade wa irin motarka bai wuce na hannun mutum ɗaya ba. Abin da ya wuce haka yana miƙar da ƙusar har wata rana ta karye, ko kuma ka yi faci a hanya ka kasa kwancewa. Safaya ma taya ce, a riƙa auna ta. In 'yar siririyar nan ce, iskarta 60, kuma ba a wuce gudun 80 da ita.

Yanzu tsatsa, wadda ita ce ta fi sa ni rubuta wannan takarda. Kai a Kano ka tashi, inda har yau za ka ga Fijo 504 irin wadda aka haɗa a Kaduna tana yawo, fenti ya ƙone amma ƙarfen na nan garau. Busasshiyar iskarmu ce ta yi mata rana. Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da iska da danshi, gishiri kuma yana hanzarta ta. Motarka ta haɗa duka. A can Kanada gishiri suke watsawa a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, tayoyi su yi ta fesa ruwan gishirin nan a ƙasan mota shekara da shekaru. Yanzu kuma ka kawo ta bakin teku, inda iskar kanta ke ɗauke da gishiri, ruwan sama ya kusa ninka namu, unguwanni kuma suna cika da ruwa duk damina. Aikinta irin na gara ne a azara, daga ciki take ci, ran da ka ga alama a waje ta riga ta yi nisa.

Don haka ka kai ta garejin da ke da rami ko abin ɗaga mota, ka shiga ƙarƙashin da kanka, kada ka aika. Ɗauki fitila da sukundireba. Jan tsatsa na sama-sama a jikin salansa ko ƙarfen ƙafa ba abin tayar da hankali ba ne, kowace mota tana da shi. Wanda ake tsoro shi ne mai ɓarewa falle-falle, wanda in ka danna sukundireba ya nutse. Duba ƙarfen da inji da ƙafafu suke zaune a kai, duba dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi inda ake kafa jak, duba bakin mazaunin taya. Ka fi ba da hankali ga siraran bututun birki da suka bi ta ƙasa zuwa baya. Idan tsatsa ta ci su, ran da ka taka birki da ƙarfi ran nan suke fashewa. In ka tarar an shafe ƙasan da baƙin fenti sabo fil, ka tambayi abin da ake ɓoyewa.

Tsarewar ba ta da wuya, naci take so. Duk lokacin da ka ratsa ruwan titi ko taɓo, a wanke ƙasan motar da ruwa mai ƙarfi, musamman lungun da ke saman taya inda laka ke taruwa ta riƙe danshi. Masu wankin mota za su ce a fesa mata baƙin mai ko gas. Kada ka yarda. Baƙin mai yana lalata robobin ƙafa, yana kama ƙasa, ga shi kusa da salansa mai zafi. Akwai man da aka yi musamman don wannan aiki, shi za ka nema, a fesa bayan ƙasan ya bushe. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan huji da ruwa ke fita, ka riƙa zura tsinke kana buɗe su. In tsakuwa ta ɓantare fenti har ƙarfe ya fito, ko da kamar ƙwayar gero ne, a rufe shi a makon. Idan fenti ya yi ƙuraje, wajen mai gyaran bodi ka tsaya sai ya kankare ya kai ga farin ƙarfe kafin ya shafa komai, don wasu a kan tsatsar suke liƙa fila su fesa, bayan damina ɗaya ta dawo. Tampol kuma ba a rufa shi a kan jiƙaƙƙiyar mota.

Cikin motar ma da tsatsa yake da alaƙa. Ɗaga shimfiɗar ƙafa ka danna kafet da hannu, ka cire safaya ka leƙa raminta. Ƙarƙashin kafet akwai soso mai shan ruwa, sama ta bushe shi yana nan jiƙe, yana cin ƙarfen daɓen. In ka ji warin rima, ko gilas na yin gumi da safe, ruwa na shiga ta wani wuri: robar ƙofa, ko bututun da ke zubar da ruwan AC ya toshe yana tsiyaya gefen fasinja. Ledar fiyawata da ake jefawa ƙarƙashin kujera ma tana fashewa ba wanda ya sani. Yaranka kuwa, Allah ya raya su, in an ba su biskit ko gyaɗa a mota a share a ranar. Ɓurɓushin abinci ke kiran ɓera, ɓera kuma in ya shiga wayoyi yake ci, gyaran wayar mota irin ta yanzu kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Rana ita ke fasa dashbod ta ƙona kujeru. Nemi inuwa, in babu ka sa abin tare rana a gilashin gaba. Motar da aka rufe a rana zafin cikinta na iya wuce digiri 60, saboda haka kada a bar turaren fesawa ko abin cajin waya a ciki, yaro kuwa ko na minti ɗaya. Tsumma mai ɗan danshi ya isa goge dashbod. Man ƙyalli da masu wanki ke shafawa kada ya taɓa sitiyari ko abin taka birki, santsi gare shi. Omo na wanki ne, yana dusar da fenti. Shimfiɗar ƙafar direba guda ɗaya tak, a maƙale ta, kada ta zame ta shige ƙarƙashin birki ko ta danne totur.

Mahaifiyarka ta ce kana shirin tahowa da motar da Sallah. Tafiyar ta kai kilomita dubu, ko ta Ilori da Jebba ka biyo ko ta Lokoja da Abuja. Ban hana ba, amma sai ka turo mini lambobin nan huɗu na kowace taya, har da safaya, da hoton ƙasan motar daga cikin rami. In na gani zan gaya maka ko ka taho da ita ko ka hau ta haya. Kuma ban da tafiyar dare, ka raba ta kwana biyu.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ƙannenka suna gaishe ka, kawunka ma ya ce a yi maka murna. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.