Zuwa ga Auta a Madina, kan shurbar ranar walima

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya maigidan naki, ya Hajiya da sauran mutanen gidan? Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi. Babanku yana gaishe ki.

Gwaggonki ta faɗa mini. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata, don tun ranar Laraba da na ji muryarki a waya na san ba ƙalau kike ba. Ta ce ranar walimar ƙanin mijinki an zuba miki shurbar kaza, ashe da fulawa aka kaɗa ta, kika yi kwana 3 kina amai da gudawa, kuma kika ce kada a gaya wa Umma. To, Umma ta ji. Na rubuto ne maimakon in kira, domin a waya "to" kawai za ki yi ta ce mini har mu rabu. Takarda kuwa kya ajiye ta a ɗakin girki, ki duba ranar da abin ya sake faruwa. Kuma zai sake, don duk kiyayewar mai ciwon siliyak irin naki, wanda alkama ke lalata wa hanji, wata rana sai alkama ta shammace shi.

Da zarar kin gane abin da ke bakinki, ki ajiye cokalin. Kada ki ce tunda an riga an ci bari a ƙarasa, gwargwadon abin da ya shiga gwargwadon wahalar. Kada ki zura yatsa a maƙogwaro. Babu wani magani da ke fitar da gulutin, sinadarin nan na alkama da sha'ir da ke cutar da ke, daga ciki bayan ya sauka. Gawayin da ake sayarwa a kantin magani ba ya yi, ƙwayoyin nan da ake talla a intanet wai suna narkar da shi ba a tabbatar suna kare hanji ba, kuɗinki kawai za su ci. Larabawa suna kiran ciwon nan hasasiyyatul ƙamh, wato borin jini na alkama, sunan ne yake sa mutane su miƙo miki maganin ƙaiƙayi da mura, su ce ai na hasasiyya ne. Bai da amfani a nan. Naki ciwon, garkuwar jikinki ce take ganin gulutin ta far wa bangon ƙaramin hanji, tana cinye 'yan tsirayen nan masu kama da gashin tawul da ke tsotse amfanin abinci. In dai kin ga leɓe ya kumbura ko numfashi yana sarƙewa, wannan wani abu ne daban, a kira 997, layin motar asibiti, nan take.

Tashin zuciya da amai su suka fi saurin zuwa, galibi cikin awa 1 zuwa 4. Bayansu sai murɗawar ciki, kumburi, gudawa, wani kuma cikin ɗaurewa yake yi. Washegari ciwon kai da kasala da nauyin kai, ki ga an yi miki magana kin kasa riƙe ta. Yawanci cikin kwana 2 zuwa 3 mai tsananin ya wuce, gajiyar kan kai mako ɗaya ko biyu. Ƙurajen nan masu ruwa na gwiwar hannu da na ƙafa, in za su fito, suna iya jinkiri. Kada ki sosa, ki nuna wa likitar fata, akwai maganinsu amma sai da gwajin jini ake bayarwa.

A kwanakin farko ruwa ne abin kula, balle a zafin Madina. Ki sa maigidanki ya sayo ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa ya ajiye tun yanzu, ki karanta jikin takardar, don wani na lita 1 ne wani na kofi ɗaya. In babu, ki haɗa da kanki: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe na ce, kada a yi tozo. Ki ɗanɗana, bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. Bayan kowace fita ki sha kofi ɗaya. In kin yi amai ki dakata minti 10, sannan ki koma kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali sukarinsu ya yi yawa, ƙara tsinka ciki suke yi. Gahawa ma ki ba ta hutu, ko da Hajiya ce ta miƙo finjalin.

Kada ki zauna da yunwa. Da amai ya lafa ki fara da farar shinkafa mai laushi, dafaffen dankali, ayaba, romon kaza da kika dafa da hannunki, kunun gero mara tsami. Kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini. Mai da yaji su jira. Madara ki bar ta kamar mako ɗaya, saboda abin da ke narkar da sukarin madara a kan tsirayen nan yake zaune, in sun ji jiki sai madara ta riƙa kumbura ki ko da babu alkama a ciki. Kindirmo ya fi sauƙi, da shi za ki fara komawa. Ciwon kai ki sha farasitamol, ƙwaya 1 ko 2 ta miligiram 500, tsakani aƙalla awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Burufen da Voltaren ki nisance su, suna ƙona ciki kuma suna wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Maganin tsayar da gudawa kada ki taɓa shi in akwai zazzaɓi ko jini. Kowane magani za a ba ki, ki tambayi mai kantin ko akwai sitacin alkama a ciki.

Ga inda za a daina jinya a gida a tafi asibiti: ruwa ya ƙi zama a ciki yini guda, awa 8 ba fitsari ko ya koma ja, jiri in kin miƙe, jini ko baƙin bayan gida, zazzaɓi, ko ciwo da ya tsaya wuri ɗaya a ƙasan ciki ta dama yana ƙaruwa. Ba kowane ciwon ciki ne na alkama ba, kada sabo ya sa a zauna da wani ciwon a gida. In kina shakka cikin dare ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, za su haɗa ki da likita.

Akwai wani abu da na tabbata za a kawo miki in kina kwance, don garin da kike garinsa ne, wato talbina. Za a dama ta da madara da zuma, a kawo da kyakkyawar niyya, a ce ai ta zo a hadisi tana sanyaya zuciyar mara lafiya. Gaskiya ne ta zo. Amma garin sha'ir ce, sha'ir kuwa a cikinki shi da alkama duk ɗaya ne. Ki yi godiya, ki ce likita ya hana ki sha'ir, ki roƙi a dama miki na gero. Ƙin shanta ba raina sunna ba ne, addini bai ce ki cutar da kanki ba. Zamzam, ajwa, zuma, duk ki sha ki ci, ba sa cutar da ke, sai dai kada wani ya ce miki sun wanke cikin har kin warke.

Yanzu in zo ga abin da ya hana ni barci, don duk wannan da na lissafa kwana 3 ne ya wuce. Ci ɗaya bisa kuskure ba ya rushe shekarun da kika yi kina kiyayewa, hanji yana gyara kansa. Ni kunyarki nake tsoro. Kin ce ba ki san da fulawa a shurbar ba, na yarda. Amma ke da kika tashi a gidana, kin ga shurba ta yi kauri har ta kama bayan cokali, ki ce mini zuciyarki ba ta ɗarsa ba? Ta ɗarsa. Kin duba kika ga dangin miji sun kewaye sufra, shimfiɗar cin abinci, kika ji nauyin tambaya, kika sha. Na san ki, haka kika yi a gidan unguwar Jarwal shekarar nan, ba sai na tuna miki ba.

Amarya mai kunya yau za ta ɗanɗana jarish, faten ɓarzajjiyar alkama, don kada a ce tana da iyayi, gobe ta gutsiri ma'amul, biskitin dabino, don yayar miji ce ta yi, jibi ta ci waken ful a kwanon da hannu biyar suka tsoma burodin tamis. Kuma abin da ya fi muni, watarana za ki ci ki ji shiru, ba amai ba gudawa, ki ce ashe kaɗan ba ya komai. Yana yi. Hanji yana lalacewa ko ciki bai yi ƙara ba. An gwada an gani, gulutin miligiram 50 kullum na wata 3 ya isa ya taɓa hanji, alhali yankan burodi ɗaya yana ɗauke da wajen miligiram 2000. Ki lissafa, ɓurɓushin da ake kakkaɓewa daga ledar sufra ke nan. Daga nan sai jini ya yi ta raguwa, ƙashi ya yi ta rauni, kina yawo kina cewa gajiyar aiki ce. Ba maganar da uwa take son yi da 'yarta ba ce, amma dole in yi: ciwon nan in ba a kiyaye ba yana jinkirta rabo, yana jawo ɓari, yana sa a haifi ɗa ƙarami. In an kiyaye kuwa, ke da sauran mata kusan duk ɗaya. Ranar da hakan ta faru, Allah ya kiyaye, waɗanda kika ji kunyarsu a sufra su ne za su fara tambayar me ke damun matar nan.

Kun sha cewa na cika tsanani, ke da yayyenki, har Babanku ya taya ku. Tukunya daban, muciya daban, a kai niƙa a dawo da shi don mai injin ya niƙa alkama kafin namu. Ku faɗa. Da wannan tsananin kika yi tsawo, kika gama makaranta, aka kai ki ɗakinki da ƙafafunki. Ban yi renon shekara da shekaru don cokalin shurba ya kwance mini shi ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ki zaunar da maigidanki, shi zai yi wa mahaifiyarsa bayani, daga bakinsa ta fi jin maganar. Kada ya ce "ba ta son alkama", ya ce ciwo ne, likita ya tabbatar da gwajin jini da na hanji, babu ranar warkewa, kuma ko kaɗan ba a ci. Hajiya mutuniyar kirki ce, na ga yadda ta riƙe hannunki ranar kai amarya. Wanda bai sani ba ba a ce ya ƙi ba. In za ku je taro ki ci abincinki a gida, ki tafi da ɗan ƙunshi a jaka, a can ki ɗauki dabino da 'ya'yan itace. Shinkafa da nama, ko kabsa ce ko mandi ko salik, asalinsu babu alkama, amma ki tambaya ko an jefa dunƙulen ɗanɗano, don wasu da fulawa ake haɗa su, ki kuma duba ko an soya sha'iriyya a ciki, siraran taliyar nan masu launin ƙasa. Dankalin da aka soya a man burost, kazar nan mai fulawa, ko na sambusa ya haramta gare ki, wuta ba ta kashe gulutin. Kofta da kabab na niƙaƙƙen nama ana sa musu garin burodi. Azumi na tafe, ki tuna sobiya da sha'ir ko burodi ake jiƙa ta, shurbar habb alkama ce zalla, ta shufan kuma, wato oats, in ba a rubuta khali minal jilutin, wato babu gulutin, a gwangwanin ba ki bar ta. Wannan rubutun yana nufin gulutin ɗin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Namu na gida ma kada ki saki jiki: ɗanwake da waina yanzu fulawa ake ƙara musu, yajin tsire wani da gari ake ƙara masa auki, tuwon semo kuwa alkama ce.

Duk ranar da abin ya same ki, ki rubuta kwanan wata, abin da kika ci, a ina, da awa nawa ya ɗauka kafin ya taso. In kin ga yana maimaituwa alhali ba ki fita ba, ɓarawon yana cikin ɗakin girkinki: rariyar da aka tankaɗe fulawa, katakon yanka, injin gasa burodi, kwalbar zuma ko cukwi da aka mayar da wuƙa bayan an shafa a burodi. Ki ware naki, ki ɗora su a kanta ta sama don kada gari ya zubo musu. Gwajin jinin nan na siliyak, tTG, ba zai nuna shurbar rana ɗaya ba, kada ki ruga yin sa gobe. Amma na shekara ya kusa, ki yi shi, ki ce a haɗa da na ƙarfen jini, folik asid, B12 da bitamin D, ki kuma gaya wa likitar kin yi aure don ta fara ba ki folik asid tun yanzu.

Na yi miki faɗa da yawa, ki yi haƙuri. Raina ne ya ɓaci da na tuna kina kwance kwana 3 a garin da ba ni, kina ɓoye mini. Ban ce kin yi ganganci ba, Auta, yarinta ce da baƙunta, kowace amarya da irin tata.

Yayanki zai shigo jirgin ƙasa na Haramain ranar Alhamis. Na ba shi garin gero kilo 3 da na dawa kilo 2, a gida aka niƙa, da kuka da daddawa, da sabuwar rariya da muciya, na ɗaura musu jan zare don kada a haɗa da na gidan. Tukunyarki mai jan murfi ma tana ciki. Turaren da ke cikin farar leda na Hajiya ne, ki kai mata da kanki ki ce ina gaishe ta. Ki kira ni bayan isha'i ki gaya mini ko fitsarin ya washe.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Ummanki