Wasiƙa zuwa ga Auta, kan yaran ruga masu tamowa

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Babanki ya ce an tura ki asibitin da ke karɓar yaran rugagen Fulani masu tamowa. Allah ya yi miki jagora. Akwai maganar da nake so ki riƙe tun kafin ki saba da wurin.

Awo dai kin iya shi. Yaro ɗan wata 6 zuwa 59, in igiyar awon damtse ta faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5, ko kin danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa wurin ya lotsa, tamowa ce mai tsanani. Amma igiya ba za ta gaya miki abin da ya shiga bakinsa jiya ba. Wannan sai kin zauna kan tabarma da uwarsa, kin yi mata barka da zuwa, kin tambaye ta a hankali.

Mutane kan yi mamakin a ce ɗan makiyayi ya rasa nono. Da rani shanu sun tafi kudu neman ciyawa, na gida kuma sun rame. Ɗan abin da aka tatsa, shi uwar ke ɗorawa a ka zuwa kasuwa, don da kuɗinsa za a auno gero. Yaro sai ya rage da kunu tsululu, ya sha cikinsa ya yi tim, alhali ruwa ne zalla. Ki ce ta dama a gabanki. In kunun ya zube daga cokali da gudu, ki nuna mata yadda za ta yi masa kauri, ta sa garin gyaɗa ko na wake, ɗan man shanu, da garin zogale. Duk suna kusa da ita.

Ki tambaya ko an ba jariri dakashi ko an matse an zubar, ko ana ɗura masa ruwa kafin ya cika wata 6, ko an yaye shi dare ɗaya don uwar ta samu ciki. Akwai kuma masu hana yaro ƙwai wai kada ya tashi ɓarawo. Sau da yawa kaka ce ke yanke wannan hukunci, don haka ita ma ki neme ta, ki girmama ta. Kada ki daka wa uwa tsawa, Auta. Wadda ta yi tafiyar wuni da goyo, in kika kunyata ta gaban mutane, ba za ta dawo ba.

Kwaɓin gyaɗar nan na leda, Plumpy'Nut, shi ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005. Kowace leda giram 92 ce, kalori 500. Ba a dama shi da ruwa, yaro ya tsotsa, a ba shi ruwa mai tsabta daban. Matsalar ita ce yayye na tsaye suna kallo, uwa kuwa ba ta iya hana su. Ki gaya mata magani ne, na majinyaci kaɗai, ki kuma tambayi abin da sauran ke ci.

Yaron da ya ƙi karɓar ledar, ko jikinsa ya kumbura sosai, kwantar da shi za a yi, a fara da madarar asibiti ta masu tamowa, wadda ake kira F-75, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Kada tausayi ya sa ki cika masa ciki lokaci guda, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A lulluɓe shi sosai, irin waɗannan yara sanyi na saurin kama su.

Ki koyi gaisuwa da Fulatanci. 'Yan uwanki duk suna gaishe ki.

Mahaifiyarki.